Damin Makaɗin Gidanmu

Tun ina ƙarama aka san ni da rashin yarda. In mai awo ta auna mini hatsi a kasuwar Tawa, sai na juya tiyar na duba gindinta, ko an buga shi ciki. In ɗalibi ya kawo mini aikin gida tsaf babu kure ko ɗaya, sai na kira shi gaban allo ya sake yi ina kallo. Shekarun da na yi ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ba su rage mini wannan hali ba, ƙara shi suka yi. Yayana yakan ce ko gaisuwa aka yi mini sai na juya ta na duba bayanta. To ranar da shi wannan yayan nawa ya ce ta cikin wayarsa yake biyan makaɗin gidanmu, ban yarda ba tun kafin ya rufe baki.

Babanmu manomi ne a wani ƙauye kusa da Kalfu. Gonar da ya gada fako ce, duwatsu sun fi ƙasa yawa, har mutane suna yi masa ba'a cewa tsakuwa zai girbe. Shi kuwa ya yi shekaru yana kwashe duwatsun yana jera su layi layi don su tare ruwa, yana haƙa ƙananan ramuka yana zuba taki, har gonar ta farfaɗo. Shekarar da ta fara cika rumbu ya kira gayya, aka zo da gangar noma. Makaɗin daga ƙauyen da ke gaba da namu yake, lokacin saurayi ne mai murya kamar ta tsaga dutse. A wannan gayyar ya yi wa Baba waƙa. Shi yana ba da labarin duwatsun da ramukan da ba'ar da aka yi, 'yan amshinsa kuma suna dawowa kowane lokaci da abu ɗaya, sunan Baba da sunan mahaifinsa.

Daga wannan shekarar, duk kaka in an fid da zakka, damin da ya biyo baya na makaɗi ne. A kan jaki ake ɗora shi a kai masa har gida. Shi kuma bayan girbi yakan zo ƙofar gidanmu ya yi waƙar, haka ma in ana suna ko biki. Ba wanda ya taɓa rubuta wannan, ba wanda ya taɓa tunatar da wani. Na taɓa tambayar Baba, da irin bakina, har yaushe za a yi ta biyan waƙa ɗaya. Ya dube ni ya yi dariya.

"Ba saye na yi ba, ɗiyata," ya ce. "Waƙa sai a yi kiwonta awa akuya. In kin bar ba ta abinci, gidan wani za ta."

Akwai abin da ya kamata a sani game da Inna, mahaifiyarmu. Irin matan da ne, ba ta faɗin sunan mijinta. "Babanku" take cewa, ko "mai gidan nan", ko "shi" kawai. Akwai ɗan maƙwabta da aka sa wa suna irin na Baba, har ya girma ya yi gemu Inna ba ta kira shi da sunansa ba, wani laƙabi ta ƙirƙira masa. Mu ma 'ya'ya ba ma faɗi. Saboda haka a gidanmu sunan nan ba ya tashi da ƙarfi sai ranar da makaɗi ya zo. Nakan lura da Inna a irin wannan rana. Takan tsaya bayan zana da taɓarya a hannu, turmi cike da hatsi, amma ba daka take ba. Sai an gama waƙar take tuna da turmin.

Zamanin kaset ya zo, wani ya ɗauki waƙar a wani biki da rakoda. Ba a jima ba sai ga ta a kasuwar Tawa ana sayarwa. Baba ya saya da kuɗinsa, ya tambayi mai shagon ko makaɗi ya samu wani abu a ciki. Mai shago ya yi ta kame-kame. Baba ya dawo gida ya kama zakara ya aika wa makaɗi, wai tunda an ci daga muryarsa ba a ba shi ba. Bayan kaset aka shiga zamanin kart memwar, ɗan katin da ake sawa a waya, ka je wajen masu tura waƙa kusa da tasha su cika maka waya da abin da kake so da wanda ba ka so. Baba bai kai ga abin da ya biyo baya ba. Allah ya yi masa rasuwa, gida ya dawo hannun Yaya, Inna kuma ta dawo Tawa wajensa da zama.

Kada a ɗauka Yaya marowaci ne. Ma'aikacin buro ne, wato ofis, hannunsa a sake yake, rabin ƙauyenmu a gidansa suke sauka in sun zo likita. Matsalarsa ɗaya, duk abin da ya zo sabo yana da gaskiya a wajensa har sai ya cije shi. 'Yan uwa suna noma gonar Baba, shi yake ba da taki da iri, shi yake faɗin yadda za a yi da amfanin. Shekarun farko bayan rasuwar, dami ya ci gaba da tafiya kamar yadda aka saba.

Wata kaka ina gidansa da yamma, Inna tana zaune a tabarma tana tsince wake, sai ta ɗaga kai ta tambaye shi.

"An kai ma makaɗi daminai?"

"Inna, zamanin jaki da dami ya wuce," in ji Yaya, yana murmushi kamar wanda ya daɗe yana jiran a tambaye shi. Ya jawo waya ya matsa kusa da ita. "Duba nan. Waƙar Baba ta shiga cikin abin ga da duniya dut ka saurare. Kowane wata ina biyan abonoma, kuɗɗin saurare, kuma dut lokacin da na kunna ta, ana rubuta ma makaɗi kuɗɗi. Dami sau ɗaya na a shekara. Wanga kuwa kullum na."

Ya danna, sai ga gangar, sai ga muryar nan ta saurayi, da ƙarar iska irin ta tsohon kaset. Inna ta daina tsintar wake. Yaya ya ci gaba da bayani cikin jin daɗi. Da safe in zai tafi buro yana kunna ta a mota, da yamma haka. A buro yakan bar ta tana ta maimaita kanta, ya rage sautin gaba ɗaya don kada ta dami mutane. Har abokan aikinsa ya roƙa su riƙa kunnawa, don Allah, don tsohon ya samu. Wallahi da zuciya ɗaya yake yi, fuskarsa har haske take.

"To, Allah shi yi albarka," in ji Inna. Ɗanta ya faɗa, ita shi ke nan.

Ni kuwa na karɓi wayar na duba. Ba hoton makaɗi a kai, hoton wani raƙumi ne a kan tudun rairayi, alhali tsohon nan ko jaki sai ya aro. Sunan da aka rubuta a ƙasa ba nasa ba ne, wasu haruffa ne da ba su yi kama da sunan kowa a ƙasarmu ta Adar ba.

"Yaya, ta hannun wa kuɗɗin ka bi su kai mashi?"

"Ta hannun kamfani mana."

"Kamfanin ya san ƙauyensu? Tsohon da wayarshi mai maɓalli ta, kuma sai ya hau tudu ya samu rezon yin kira?"

"Ke dai kin faye," ya ce, ya karɓe wayarsa. "Mutanen ga manya na, suna da doka. Kina tsammani irin mai awon kasuwa na?"

Abin ya tsaya mini a rai. Bayan 'yan kwanaki da na tashi daga lakwal na bi ta tasha, wajen wani mai tura waƙa da na sani tun yana sayar da kaset. Yanzu shagon nasa ya koma na cajin waya da sayar da kiredin kira, kwamfutar tana gefe an rufe ta da tsumma. Na nuna masa waƙar na tambaye shi wa ke cin kuɗinta. Ya ɗan jima yana kallon raƙumin.

"Madam, ni ma ba dut na sani ba," ya ce. "Abin da ni ji, wanda ya ɗora waƙa shi aka biya, shi da ya ba da kont ɗin bankinai. Kuma abin ba shi da yawa, sai an saurara an saurara kahin shi zama wani abu. Abonomar yayanki ma, an ce tarawa aka yi da ta kowa a raba, manyan mawaƙa su kwashe mai yawa. Gara ki kawo kart in zuba maki, ki biya sau ɗaya, ta zama taki."

"In na biya ka, nawa za ka kai ma makaɗi?"

Ya yi dariya ya ce Madam ba ta canza ba. Na fito ban yarda da shi ba shi ma. Mutumin da sabon abu ya kashe wa kasuwa ba zai yabe shi ba, kuma shekara da shekaru yana tura muryar tsohon nan a wayoyin mutane bai taɓa aika masa ko goro ba. Har na yi zargin ko shi ne ya ɗora ta, don yadda ya kalli raƙumin nan kamar sun san juna. Ban taɓa tabbatarwa ba, har yau ban san wanda ya ɗora ba. Abu ɗaya na fito da shi, duk hanyar da na bi da tunanina, ba ta ƙarewa a ƙofar makaɗi.

Na kai wa Yaya wannan magana. Ya ce in ma tsohon bai karɓa ba, kuɗinsa suna nan a ajiye, wata rana zai karɓa a dunƙule ya gode mana. Ya ce ni dai na tsani duk abin da ba a haife ni na tarar ba. Muka yi sama-sama, matarsa ta shiga tsakani da kwanon fura.

Mai karatu zai ce me ya hana ni aika damin da kaina. Na yi tunanin haka, ba sau ɗaya ba. Amma a wajenmu damin makaɗi daga hannun mai gida yake fita. In ƙanwa, mace, ta tsallake yayanta ta aika, ta sanar da ƙauye biyu ke nan cewa magajin gidan ya kasa. Da na yi haka, da Inna ce za ta fara jin kunya. Na haɗiye, ina cika ina batsewa, kaka ta wuce, wata kakar ta sake wucewa. Makaɗi bai zo ƙofar gida ba, bai kuma aiko da ko kalma ɗaya ba. Yaya ya ce ka ji, da bai samu ba ai da ya yi magana. Ni kuwa shirun nan ne ya fi tayar mini da hankali.

Sai auren 'yar Yaya ta fari ya taso, wadda ta gama karatun ungozoma. Yaya ya riga ya yi magana da mai kiɗan baf, irin masu zuwa da manyan akwatunan sauti su hana unguwa sakat. Inna ba ta hana ba. Ta dai ce abu ɗaya take so, a kira makaɗi ya yi waƙar babanku, don ba ta san ko za ta ga wani bikin ba. Yaya ya ce ai waƙar tana waya, za a sa ta a baf kowa ya ji. Inna ta ce ta ji ta waya, ta baki take so. Ba ta saba neman komai ba, don haka ba wanda ya ƙara magana. Da yake ina hutu, ni aka ba goron gayyata in kai.

Na biya ta ƙauyenmu tukuna. Na ce wa ɗan baffanmu da ke riƙe da rumbu Yaya ya ce a fid da dami biyu, wanda ba haka aka yi ba, amma tunda da goron Yaya nake tafe, ba wanda zai ce daga hannuna suka fito. Aka ɗora a amalanken jaki muka kama hanya cikin duwatsu.

Na tarar da makaɗi a gindin aduwa yana ɗaure fatar ganga. Ya tsufa ƙwarai, idanunsa sun yi fari-fari, sai da na faɗi 'yar gidan wa ce ni ya gane. Muka gaisa, ya tambayi Inna, ya yi wa Baba addu'a. Aka sauke damman a gabansa. Bai taɓa su ba, bai ma dube su sosai ba.

"Ɗiyata, wanga na mi na? Rabona na cikin cinikin?"

"Wane ciniki, Baba?"

"Yara sun nuna mani cikin waya," ya ce a hankali. "Muryata ta, ina yaro, an liƙa mata raƙumi. Sunka ce mani wani na cin kuɗɗinta. Ni ko na zamna na yi lissahi. Wa ad da kaset ɗin ga tun hwarko? Gidanku. Wa ad da ɗa mai ilimin buro? Gidanku. Kuma shekarar da abin ga ya hito, ita ce shekarar da dami ya tsaya. To mi za ni ce? Na ce sun sai da waƙar ubansu, kunya ta hana su zuwa."

Raina ya ɓaci, amma ba zan ɓoye ba, har da ɗan girmamawa na ji, don da ni ce a wurinsa, daidai wannan lissafin zan yi. Shekara biyu ina zargin kamfani da mai shago, ashe a nan gindin aduwa mu ake zargi. Na rantse masa ba mu sayar ba, ba mu san wanda ya ɗora ba. Na ba shi labarin abonoma, da mota safe da yamma, da wayar da ake bari a buro tana waƙa ba sauti.

"Tsaya," ya ce. "Shina kunna ta, kuma ba shi ji?"

"Don a rubuta maka kuɗɗi, Baba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da aka kawo masa ruwa. Ya share hawaye ya ce Allah sarki, ɗan mai gona, ashe yana can yana ta yi masa noma a sama. Sannan ya sa hannu ya shafa damin, ya murza zangarniya ɗaya ya shinshina. Na ba shi goron na faɗi saƙon Inna. A nan dariyar ta ɗauke. Ya yi ta juya goron a hannunsa har na fara zargin akwai wani abu, kuma akwai.

Ya ce bara damina ba ta yi kyau a wajensu ba. Biki kuma yanzu baf ake kira, har a ƙauye, wani lokaci ma muryarsa ake sawa a baf ɗin yana zaune a gida yana ji. Sai wani mai fataucin albasa daga fadama, wanda kuɗi suka zo wa kwanan nan, ya aiko masa da buhun shinkafa yana son waƙa. Makaɗi ya ce zai yi masa sabuwa. Mutumin ya ce shi ba ya son sabuwa, waccan yake so, ta cikin waya, wadda kowa ya sani.

"Ina da bakuna cikin gida, ɗiyata. Kuma ina ganin ku kunka hwara saidawa. Na cire, na sa."

Ya cire sunan Baba daga amshi ya sa na mai albasa. Labarin duwatsun da ramukan duk yana nan, an ba mutumin da bai taɓa ɗaga dutse ba. Na ji kamar an mare ni. Na tambayi 'yan amshinsa. Ya ce na da, ɗaya ya rasu, sauran sun tafi cirani ba su dawo ba. Na yanzu 'ya'yan ƙannensa ne, kuma da sabon sunan suka koyi waƙar. Na ce a kira su in ji da kunnena. Ya ce suna fadama wajen aikin albasa, amma kada in damu, bakinsa ne, shi zai gyara musu kafin ranar. Na dube shi, na dubi gangar, na ce to. Ban yarda ba, amma ba ni da wani makaɗin.

Inna ban gaya mata komai ba. Yaya na gaya wa, har da maganar damman. Na zaci zai yi faɗa a kan su, sai ya tsallake su ya kama ɗaya maganar.

"Kin gani? Buhun shinkahwa ɗaya! Ke da kike zagin waya, cikin waya dai sunan Baba na nan, ba mai cire shi."

A wannan kam ya fi ni gaskiya, kuma na ji haushin hakan ƙwarai.

Ranar biki bayan la'asar aka kashe baf, unguwa ta samu numfashi. An kafa rumfa a ƙofar gida, mata a gefe ɗaya, maza a ɗaya, 'yan ƙauyenmu sun zo da yawa. Makaɗi ya shigo da babbar riga wadda ta sha wanki, samari uku a bayansa. Inna yanzu ta tsufa, ba sauran tsayuwa bayan zana, an sa mata kujera a gaba cikin tsofaffin mata. Ni na tsaya kusa da ita, idona a kan bakin samarin nan kamar ina gadin jarrabawa.

Ganga ta tashi. Muryar tsohon ta dushe, amma da ya shiga labarin fako sai ta buɗe. Amshin farko ya zo, samarin suka faɗi sunan Baba da na kakanmu daidai, a hankali, kamar masu taka ƙaya. Na biyu ma daidai. Na ga hannun Inna ya daina motsi a kan carbinta. Na fara sakin jiki, har na ce a raina wannan karon zargina ya faɗi banza.

Sai wuri ya yi zafi. Wata gwaggonmu ta rangaɗa guɗa, maza suka taso suna liƙa wa makaɗi kuɗi a goshi, ganga ta ƙara sauri. Samarin suka fara rawa da kafaɗa, suka daina tunani, bakinsu ya bi hanyar da ya saba. Amshi ya zo, su uku a tare, da ƙarfi, suka kira sunan mai albasa.

Baƙin birni ba su lura ba, wasu ma tafi suke. 'Yan ƙauyenmu kuwa suka dubi juna. Hannun makaɗi ya tsaya a kan ganga. Ya juya ya harari samarin da fararen idanunsa, ya sake ba su layin. Tsoro ya riga ya kama su. Ɗaya ya fara sunan Baba ya sarƙe, ɗaya ya sake jawo na mai albasa, na ukun ya tsaya kallon ƙasa. Tsohon ya buɗe baki zai faɗa musu, tari ya tare shi. Wuri ya yi tsit. Na hango Yaya ya zaro waya da sauri ya nufi wajen mai baf, yana neman waƙar.

Kafin ya kai, aka faɗi sunan. Daga gefena ya fito. Inna ce, zaune a kujerarta, ba ta ko tashi ba. Ta faɗi sunan mijinta da na mahaifinsa, da ƙarfi, a rarrabe, yadda ake faɗa wa yaro abin da ba a so ya sake mantawa.

Tsohuwar da ke kusa da ita ta dafe baki. Wani dattijo a cikin maza ya sunkuyar da kai yana salati. Yaya ya tsaya cak a tsakiyar fili, waya a hannu, raƙumin nan yana haske a kanta, bai danna ba. Ni kuwa na dafa bayan kujerar. Na haura shekara arba'in ina 'yarta, ban taɓa sanin yadda sunan nan yake a bakinta ba. Ashe ba yadda makaɗa suke faɗinsa take faɗi ba, tana ɗan ja ƙarshensa, kamar mai kiran mutum daga gona.

Makaɗi ya ɗaga hannu ya buga ganga. Samarin suka karɓa da sunan da aka ba su, kuma ba su sake kuskure ba har ƙarshe. Ba wanda ya ƙara guɗa, ba wanda ya ƙara liƙi. Inna ta jawo mayafinta ta rufe fuska gaba ɗaya, haka ta zauna har aka gama. Ina ganin mayafin yana motsi, ban san ko kuka take ba ko bin waƙar take.

Da aka watse na kama ta muka shiga ciki. Ba ta dube ni ba. Yaya ya biyo mu ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta, babban mutum da furfura. Inna ta zauna a bakin gado ta warware mayafin, ta ninke shi a kan cinyarta, ta sake ninkewa.

"Bana kai da kanka za ka kai damin," ta ce masa. "Kada ku sake sa ni in hwaɗe shi."